Yadda ake kare filin shaƙatawa na bakin kogi daga masu gini

Kasancewar fili a hannun hukumar birni ba ya nufin ya tsira. Kansiloli suna sauyawa, kuma duk filin da ke kallon ruwa akwai mai kuɗin da ya sa masa ido. A Amurka maganin da aka samo shi ne yarjejeniyar kare fili: mai fili yana nan da abinsa, amma ya sallama haƙƙin gini a kai har abada, ya damƙa wa wata ƙungiya ikon taka wa duk wanda ya saɓa birki. Ko an sayar da filin, sharaɗin yana biye da shi. Haka birnin Richmond na jihar Bajiniya ya yi a 2009, ya ɗaure kusan eka 280 na filayen bakin kogin James. Da wannan misalin zan yi bayani.

Ku fara da neman wanda zai riƙe amanar, kuma ina roƙonku kada ku tsaya kan guda ɗaya. A Richmond uku aka ɗauka: ƙungiyar Capital Region Land Conservancy, da ma'aikatar kula da muhalli da wuraren shaƙatawa ta jihar, da wata gidauniya ta birnin. Gidauniyar ta rushe a 2022, amma yarjejeniyar ba ta girgiza ba, domin sauran biyun suna nan. Ku tambayi kowace ƙungiya ko tana da kuɗin zuwa kotu in ta kama. Wadda ba za ta iya ɗaukar lauya ba, sa hannunta ado ne kawai.

Daga nan sai a rubuta yadda filin yake a yau, kafin kowa ya sa hannu. Nan aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin kasala. A auna iyaka, a zana taswira, a bi ƙafa da ƙafa da kyamara: wannan hanyar ƙasa ce ko ta kwalta, faɗinta nawa, motoci nawa wurin ajiya yake ɗauka, ina bututun ruwa ya ratsa, ina tsohon gini yake. A sa kwanan wata a jikin kowane hoto. Bayan shekara 30, idan wani ya ce ai dama can akwai gini a nan, wannan kundin ne zai ƙaryata shi gaban alƙali.

Wajen rubuta sharuɗɗa, a hana raba filin gida-gida, da gine-ginen kasuwanci, da sare itatuwa don sayarwa. Amma kada zafin kishi ya sa ku rufe kowace ƙofa. Kogin James yana ambaliya, ya yi mummunar ɓarna a 1972, saboda haka dole a bar damar gyaran hanya da gada da banɗaki, da ta ma'aikatan da za su tono bututu. Yarjejeniyar da ta hana gyara, jama'a ne da kansu za su fara neman a warware ta.

Sai majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a, a kai takardar ofishin magatakardar kotu a shigar da ita cikin rajistar filaye.

Kada a manta da maƙwabta masu filin kansu a bakin ruwa. Su akwai abin da zai jawo su: dokar harajin tarayya tana yi musu rangwame muddin yarjejeniyar ta har abada ce, Bajiniya kuma tana rage musu harajin jiha da kashi 40 cikin 100 na darajar abin da suka sallama.

Bayan haka, kowace shekara masu riƙon amana su zaga filin da tsoffin hotuna a hannu, su gwada da abin da suke gani, su rubuta rahoto. Ƙaramar rumfa da aka kafa ba izini, a aika wa mai ita takarda tun a makon da aka gan ta.