Yadda Ake Dasa Bishiyoyi a Makaranta don Tunawa da Dattijon da Ya Rasu

Idan dattijon da kuka rasa mutum ne mai son gona da zaman inuwa, kuma ya saba biya wa yaran makaranta kuɗin jarrabawa ko saya musu littattafai, sadakar da ta fi dacewa da shi ita ce bishiya a harabar makarantar. Dasawar aikin yini ɗaya ne. Raya dashen ya tsallake raninsa na farko shi ne ainihin aikin, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa.

A fara da neman izinin iyalansa, sannan shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Kada bishiyoyin su wuce guda goma zuwa ashirin. Goma da suka rayu sun fi ɗari da awaki suka cinye.

Don inuwa, a ɗauki darbejiya, wato dogon yaro, domin tana jure fari. Don 'ya'ya, a nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a jikin wani dashen, wanda kan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4. A bar mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro, mita 6 tsakanin darbejiya. A nisanta su da aji, masai da wayar lantarki, saboda saiwa na fasa gini.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wato Yuli zuwa farkon Agusta. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a ware ƙasar sama gefe guda, a gauraya ta da kwano huɗu na takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A dasa da yamma. A tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar jikin saiwa ta wargaje ba. Wurin auren mangwaron ya zauna sama da ƙasa. Idan aka binne shi, ruɓewa yake yi. A cike ramin da ƙasar da aka gauraya, a danna ta da ƙafa, a yi mata gurbi kamar kwano, a zuba bokiti ɗaya na ruwa.

A ranar ake yin kariya, kada a ce sai gobe. Akuya ɗaya ta isa ta gama da dashen kafin a tashi daga makaranta. A kewaye kowace bishiya da ƙaya ko bulo mai tazarar shan iska, tsayin ƙirjin babban mutum. A barbaɗa toka kewaye da gindi saboda gara.

Daga Nuwamba zuwa Mayu, kowace bishiya na buƙatar jarka ɗaya mai lita 20 sau biyu a mako. Inda ruwa ke wuya, a binne tulu kusa da gindin har wuyansa, a cika shi, a rufe bakin. Zai riƙa tsattsafowa a hankali.

A ba kowace bishiya ɗalibai biyu ko uku daga ƙananan azuzuwa, waɗanda za su daɗe a makarantar. Hutun Afrilu ne ya fi kashe dashe, ga zafi ga makaranta babu kowa, don haka a ware kuɗin maigadi ko mai ruwa tun daga gudummawar farko. Allon da ke ɗauke da sunan marigayin, Allah Ya jiƙansa, a kafa shi a kan turke daban, kada a buga ƙusa a jikin bishiyar.