Yadda ake yin titireshan a lab ɗin kemistiri na ajin farko a jami'a

Duk wanda ya shiga ajin farko a ɓangaren kimiyya, likitanci yake nema ko famasi ko injiniyanci, kemistiri dai ba makawa, kuma a firaktikal kusan abin da ake fara ba ku shi ne titireshan, wato gano ƙarfin wani asid ta hanyar haɗa shi da bes ɗin da an riga an san ƙarfinsa.

Ka fara da wanki. Biyuret, dogon bututun gilashin nan mai ma'auni da famfo a ƙasa, ka wanke da ruwa sannan ka ɗauraye shi da asid ɗin da za ka zuba ciki, fifet kuma, siririn bututun da ake ɗibar ruwa daidai awo da shi, da bes ɗin, amma fulask, kwalbar da za a haɗa su a ciki, ruwan distil kawai, in ka ɗauraye shi da bes ka ƙara yawan abin da za ka auna kenan, lissafinka ya lalace tun ba ka fara ba. Bayan ka cika biyuret ka cire mazurarin, ka ɗan buɗe famfon don iskar da ta maƙale a bakinsa ta fita.

Sai ka ɗebi 25 cm³ na NaOH, wato bes ɗin, da fifet, da robar ɗiba don Allah, ba da baki ba, abin yana ƙona fata balle harshe. Ka juye shi a fulask, ka sa ɗigo biyu ko uku na methyl orange, sinadarin da launinsa ke nuna inda za ka tsaya, ruwan zai koma rawaya. Ka ajiye farar takarda ƙarƙashin fulask ɗin.

Zagayen farko na gwaji ne, saki asid daga biyuret zuwa cikin fulask da sauri don ka san wajen da launin yake juyawa. Na biyu da na uku su ne aikin, da ka kusa wurin sai ɗigo ɗigo kana kaɗa fulask ɗin, ya zama ruwan lemo ka tsaya, in ya yi ja ka wuce. Ka karanta biyuret ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, lamba biyu bayan ɗigo, kuma sakamakon biyu kar tazararsu ta wuce 0.10 cm³. Kwafar na maƙwabci ba ta da amfani, malaman lab sun san adadin da ya kamata ya fito.

Lissafin kuwa mol ne gaba ɗayansa, wato ma'aunin yawan sinadari. Giram 4 na NaOH a cikin 1 dm³ ya ba ka 0.1 mol/dm³ tunda nauyin mol ɗinsa 40 ne, to 25 cm³ na ɗauke da 0.0025 mol, ka tuna ana raba cm³ da 1000 tukuna, nan mutane da yawa ke zubar da maki. In asid ɗin HCl ne ɗaya da ɗaya suke da NaOH, ka ce ka yi amfani da 20.00 cm³, ƙarfinsa 0.125 mol/dm³ kenan. In kuwa H2SO4 aka ba ku, mol ɗaya nasa biyu na NaOH yake cinyewa, amsar ta koma 0.0625, shi ya sa sai ka rubuta ikweshan ka daidaita shi kafin ka taɓa kalkuleta.