Kurakuran da ke sa kuɗin rarar haraji su maƙale

Duk shekara, da zarar lokacin cike fom ɗin haraji ya wuce, sai wayata ta hana ni sakat. Tambayar ɗaya ce: "Malam, wata biyu ke nan shiru, ina kuɗina?" Rarar haraji suke nufi, wato kuɗin da hukumar haraji ke maido maka in an yanke maka fiye da abin da ya kamata ka biya. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da nake so a fara ganewa shi ne, hukumar haraji ba da abin da ka rubuta kaɗai take aiki ba. Wurin aikinka ya riga ya aika mata adadin albashinka da abin da aka yanke maka, banki ma ya aika nasa. Kwamfuta ce ke ɗora alƙalumansu a kan naka. In sun yi daidai, fom ya wuce. In sun saɓa ko da ƙanƙani ne, sai a ware shi gefe har wani ma'aikaci ya zauna ya duba da idonsa, kuma layin nan tafiyar hawainiya yake yi.

To a nan ne gaggawa ke kashe mutane. Mutum ya ji an buɗe karɓar fom, takardunsa ba su gama zuwa ba, sai ya ɗauko takardar albashin watan ƙarshe ya yi ƙiyasi. A Amurka, alal misali, doka ta bai wa wuraren aiki har 31 ga Janairu su miƙa wa ma'aikaci takardar W-2, wadda ke nuna albashinsa na shekara da harajin da aka yanke masa, amma za ka ga wani ya cike tun kafin ta iso hannunsa. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. A shekarar aiki biyu na yi, ɗaya na wata uku ne kacal. Na cike fom da alƙaluman babban aikin, na manta da ƙaramin kwata-kwata, don a zuciyata na riga na kasafta kuɗin, na san abin da zan yi da su. Sauri ya haifi nawa. Kuɗin da ya kamata su shigo cikin sati uku sai da suka cinye wata bakwai. Tun daga nan ina da wata jakar leda guda, a bayanta na rubuta sunan duk inda na sami ko sisi a shekarar. Ba na taɓa fom sai kowane suna ya sami takardarsa a ciki. Wasu na cewa na cika tsanani. Su faɗa.

Amma mantuwar ƙaramin aikin ba ita kaɗai ta ci wata bakwai ɗin ba. Hukumar ta rubuto min wasiƙa tana neman bayani, ni kuwa na tashi daga gidan, ban sanar da sabon adireshi ba. Kullum ina duba asusuna, ina zagin hukuma a raina, ashe amsar tana kwance a tsohon gida. Ranar da na je na tarar da ambulan ɗin a bakin taga, ruwan sama ya jiƙa gefe ɗaya, tambarin ya koɗe. Da na buɗe, wa'adin da suka ba ni na amsawa ya wuce da wata biyu. Layi uku ne kawai suke so in tabbatar.

Saboda haka ku saurare ni da kyau, musamman ku matasa da kuka fara aiki. Wane irin sakaci ne mutum ya ga ambulan daga hukumar haraji ya jefa shi cikin durowa, wai gabansa na faɗuwa? Tsoron me? Sau da yawa abin da ke ciki bai wuce "tabbatar mana kai ne" ko "aiko da takarda kaza" ba, kuma fom ɗinka ba zai motsa ba sai ka amsa. A Indiya ma, in ka cike ta intanet ba ka tantance shi cikin kwana 30 ba, ba a fara aiki a kai ba ke nan, ko da ka ga ya tafi. Ni ranar da wasiƙa ta zo nake buɗe ta, in rubuta wa'adin a kalandar bango da jan biro, in amsa kafin sati ya zagayo. Ranar da na tashi daga gida kuwa, hukumar haraji nake fara sanarwa kafin abokai.

Sai masu sake aikawa. An yi sati biyu shiru, hankali ya tashi, sai mutum ya tura fom na biyu, wai ko na farko ya ɓace. Haba! Yanzu kwamfuta ta ga fom biyu da suna ɗaya da lamba ɗaya, kuma haka ɓarayin bayanan mutane ke yi, sai a tsayar da duka biyun. Ka fara sanin tsawon lokacin da aka saba ɗauka. Hukumar harajin Amurka, IRS, ta ce yawancin fom ɗin da aka cike ta intanet ana biyansu cikin kwana 21, na takarda kuwa sati 6 ko fiye, fom ɗin gyara kuskure a wanda aka riga aka aika har sati 16. Wani jinkirin ma doka ce ta sa shi: dokar PATH ta 2015 ta hana a saki kuɗin masu neman wasu rangwame na ƙaramin albashi da na yara kafin 15 ga Fabrairu, komai sammakonsu. Kiran waya ɗari ba zai canza wannan ba.

Lambar asusu: ka karanta ta da ƙarfi sau biyu, daga takardar banki, ba daga ka ba. Asusun da aka rufe ko wanda ba sunanka ke kai ba, banki zai maido da kuɗin. Sunan da ke fom ya zama harafi da harafi irin wanda ke rajistar hukuma, wannan ya fi shafar matan da suka canza suna bayan aure. In takarda ka aika, duba sa hannu kafin ka liƙe ambulan.

Wani kuma kuɗinsa ba jinkiri suka yi ba, an riƙe su ne. In hukuma tana binka tsohon bashi, ƙasashe da dama sun ba ta ikon cirewa daga rarar kafin ta biya ka, Indiya da Amurka duk suna yin haka. Ka duba shekarun baya kafin ka fara ƙorafi. Kar kuma ka ce za ka nemi rarar wata rana: a Birtaniya shekara 4 ake bayarwa, a Amurka galibi 3, daga nan kuɗin sun tafi.

Lokacin jiran nan ne 'yan damfara suka fi so, don sun san idonka na kan waya. Saƙon tes zai shigo, wai kuɗinka sun fito, danna nan ka sa lambar katinka. Da IRS da HMRC, hukumar harajin Birtaniya, duk sun sha nanata cewa ba sa neman bayanan banki ta tes ko imel. Ni ba na danna komai. Nakan rufe saƙon, in buga adireshin shafin hukumar da hannuna, in shiga in ga inda fom ɗina ya tsaya. Sau ɗaya a sati nake dubawa, ranar Litinin da safe.