Jaddada magana da Turanci: inda ake tuntuɓe da emphasize, stress da 'yan'uwansu

A takardun jarrabawa, a rahoton ofis, har a wasu labaran jarida, kuskuren da ya fi yawo shi ne liƙa wa "emphasize" kalmar "on". Sai ka ga an rubuta "The chairman emphasized on the need for peace." Wannan "on" ba ta da gurbi a nan. Daidai shi ne "The chairman emphasized the need for peace." Aikatau ne mai ɗaukar karɓau (wato abin da aikin ya faɗa a kansa) kai tsaye, babu abin da ke shiga tsakaninsu.

Tushen kuskuren yana jikin sunan da kalmar ta fito daga gare shi, wato "emphasis". Shi kam da "on" yake tafiya: "The school places emphasis on discipline", ko "puts emphasis on", ko "lays emphasis on". Kunne ya saba jin haka, sai hannu ya kai "on" ɗin kan aikatau. Maganinsa yana cikin Hausarmu: muna cewa "ya jaddada muhimmancin zaman lafiya", ba ma buƙatar "a kan". In ka rubuta "emphasize", ka tuna da "jaddada", ka wuce kai tsaye zuwa abin da aka jaddada. Haka dokar take ga "stress": "She stressed the importance of sleep", amma in suna ce, "She laid stress on sleep."

"Stress" tana da wani tarko na daban. In ka sa mutum a bayanta kai tsaye, ma'ana ta koma takura. "The doctor stressed me" na nufin likita ya saka ni cikin damuwa. In nufinka ya jaddada maka wani abu ne, dole "to" ta shigo: "The doctor stressed to me that I must finish the drugs." Haka ma "emphasized to us that".

"Insist" kuwa akasin su ce, shi ya sa take rikita mutane. Ita tana son "on", kuma aikatau da ya biyo baya sai ya ƙare da "-ing": "He insisted on paying", ba "insisted to pay" ba. Ma'anarta ma daban ce: nacewa ce da kafewa, kamar baƙon da ya dage sai shi zai biya kuɗin mota. Wanda ya jaddada abu yana nuna muhimmancinsa. Wanda ya yi "insist" ya ƙi sauka daga matsayinsa.

"Highlight" ta fi dacewa da fito da abu fili a gan shi, kamar yadda ake shafa wa layi alƙalami mai launi a littafi: "The report highlights the shortage of teachers." Shuɗaɗɗen lokacinta "highlighted" ne. "Underline" da "underscore" jan layi ne a ƙarƙashi, kuma sau da yawa abin da ya faru ne ke yin aikin: "The flood underscores the need for drainage." Jaridun Amurka sun fi amfani da "underscore". "Accentuate" a bar ta wa sura da kwalliya, kamar yadda aikin zare ke fito da wuyan babbar riga. "The minister accentuated that..." ba ta shiga kunne ko kaɗan.

"Reiterate" nanatawa ce. Kada a yi amfani da ita ga maganar da yau aka fara faɗa, kuma "again" a bayanta kaya ne a kan kaya.

Wajen rubutu, "emphasise" ta fi yawa a Birtaniya, "emphasize" a Amurka, dukansu daidai ne. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta har ƙarshen takarda. Jam'in "emphasis" shi ne "emphases", kuma babu "an emphasize".

Sai furuci, wanda ɗalibai ke asarar maki a kansa a ɓangaren furuci na Turancin WAEC. Haruffan "ph" sautin "f" ne na Turanci: haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Namu "f" da leɓɓa biyu muke yinsa, shi ya sa kalmar kan fito kamar "empasaiz". Ka tsaya gaban madubi ka duba haƙoranka suna sauka a kan leɓe. Nauyin murya kuma a gaɓar farko yake, EM-pha-size da EM-pha-sis, ba a ƙarshe ba kamar yadda aka saba ji. A "emphatic" kuwa nauyin yana matsawa gaɓa ta biyu: em-PHAT-ic.