Yadda za ka zaɓi lens mai jawo nesa mai araha na Sigma ko Tamron

Duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin babban lens (gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara) na Canon ko Nikon na asali ya san yadda jiki ke yin sanyi, shi ya sa mutane da yawa ke komawa wajen Sigma, Tamron ko Tokina, kuma wallahi akwai masu kyau sosai a cikinsu, a wajen zaɓe ne kawai ake shan kashi.

Abu na farko duba bakin kyamararka, wato inda ake ɗaura lens. Sigma kan fitar da lens ɗaya da baki daban daban, na Canon EF, na Nikon F, na Sony E, sunan kusan iri ɗaya, to ka karanta jikin kwalin da kyau. Lens mai bakin EF ba ya hawa kyamarar Canon mai sabon baki RF sai da adafta, haka na Nikon F a kyamarar Nikon mai sabon baki Z. In kuma Nikon ɗinka irin su D3200 ko D5300 ce, babu motar fokas a jikinta, dole lens ɗin ya zo da tasa motar, a Sigma ka nemi mai rubutun HSM, a Tamron mai USD misali, in ba haka ba da hannu za ka yi ta murɗa fokas har abin da kake son ɗauka ya tashi ya tafi.

Sai ka tambayi kanka me za ka riƙa ɗauka. Hoton mutane daga nesa, yara na wasa, ƙwallo da rana, 70-300mm ya isa (yawan mm, yawan jawo nesa), ba shi da nauyi. Tsuntsaye da namun daji kuwa sai 100-400mm ko 150-600mm, amma Sigma 150-600 Contemporary ya kusa kilo 2, kafaɗarka za ta gaya maka. Kar ka manta in kyamararka APS-C ce, wato mai ƙaramin sensa (wajen da hoto ke sauka a cikin kyamara), 300mm zai yi maka kamar 450mm a Nikon da Sony, 480mm a Canon, wato wataƙila ma ba ka buƙatar wannan ƙaton.

Wajen da ni nake ganin bai kamata a yi rowa ba shi ne mai hana rawar hannu. Tamron na kiransa VC, Sigma kuma OS. Idan ka jawo zum zuwa 300mm ko numfashinka sai ya girgiza hoton, ƙa'idar da aka saba ita ce gudun shata (buɗewa da rufewar kyamara lokacin ɗauka) kar ya gaza 1/300 na daƙiƙa, a APS-C ma ka kai ta 1/500, to da yamma haske ya ragu ina za ka samu wannan gudun? In jikin kyamararka ba shi da nasa mai hana rawar, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai VC ko OS. Lens masu araha kuma a ƙarshen zum faɗin ƙofar haskensu f/5.6 ne ko f/6.3, wato ba sa shigar da haske sosai, na hasken rana ne, a ɗaki da dare sai dai ka yi ta ɗaga ISO, wato saitin ƙara wa hoto haske a kyamara.

Waɗannan dogayen 420-800mm marasa sanannen suna da ake tallarsu a arha banza, ka rabu da su, fokas da hannu ne, ga duhu, hoton kamar an shafa masa hazo.

In na hannu za ka saya, ka je da kyamararka. Cire murfi gaba da baya, haska tocilan waya ta ciki, in ka ga zare zare kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin fumfuna ce, ajiye shi. Ƙura kaɗan ba komai. Kifa shi ƙasa ka ga ko zum ɗin zai zame da kansa, murɗa zoben ka ji ko yana ƙara ko cijewa. Sannan ka ɗauki wani rubutu daga nesa a ƙarshen zum, sau ɗaya ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya sau ɗaya ka tsuke ta zuwa f/8, ka faɗaɗa hoton ka duba tsakiya da kusurwoyi huɗun, in gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi dishi to gilashin ya goce a ciki, kar ka biya.