Darasi na Tara: Ma'anar "Dirty Work" a Turanci

Kowane Bahaushe ya san kalmar datti, amma ba kowa ne ya san cewa daga Turanci muka aro ta ba, wato daga "dirty". Idan aka haɗa ta da "work", wadda ke nufin aiki, sai a sami "dirty work". Mai koyo yakan ɗauka ana maganar aikin da ke ɓata tufafi ne, kamar yasar kwata ko gyaran injin mota, kuma wani lokaci hakan ake nufi. Sai dai sau da yawa dattin da ake magana a kai ba ya taɓa riga.

Ma'ana ta farko ita ce aikin da kowa yake gudu saboda nauyinsa, ko da babu laifi a cikinsa. Misali, mai kamfani ya yanke shawarar sallamar ma'aikata, amma ya kasa haɗa ido da su, sai ya tura mataimakinsa ya miƙa musu takardun.

Ma'ana ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ya kamata ku riƙe sosai. Ana nufin aikin rashin gaskiya da babba yake sa na ƙasa da shi ya yi masa domin sunansa ya kuɓuta, kamar karɓo cin hanci, ko sayen ƙuri'a, ko tsoratar da abokin hamayya. Misali, a ranar 17 ga Yuni 1972 an kama mutum biyar da suka fasa ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat a ginin Watergate da ke birnin Washington na Amurka. Bincike ya kai har fadar Shugaba Richard Nixon, wanda ya yi murabus a 1974. Magajinsa, Gerald Ford, ya yi masa afuwa, alhali waɗanda suka fasa ofishin da wasu manyan hadiman Nixon sun sha ɗauri. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma a ganina babu fassarar da ta fi wannan karin magana kama ma'anar.

Ku lura da ƙaramar kalmar da ke zuwa kafin furucin, domin ita ce ke nuna mai aikin na ainihi. "His dirty work" na nufin mugun aikin nasa ne, wani ne kawai yake yi masa. Wanda ya ce "I will not do your dirty work" yana cewa ne ba zai zama karen farautarka ba, kuma magana ce mai zafi da ba a faɗa wa mutum sai an shirya ɓatawa da shi. Haka kuma kada a jefi mai shara ko lebura da wannan furuci, domin yana iya jin an ci mutuncin sana'arsa.

Yanzu kowa ya rubuta jimla biyu da Hausa, ɗaya a kan kowace ma'ana, sannan ya karanta wa na kusa da shi ya faɗi wadda aka nufa.