Mai larurar ƙaunar mota a tasha: yadda za a bi da shi kafin a kai ga gidan yari

Akwai irin mutumin da tasha ta fi masa gidansu. Ya haddace lambar kowace bas, ya san direban da ke lodin Kano da wanda ke lodin Jibiya, yana gane mota da ƙarar injinta. Wata rana a bar makulli a jiki, sai a ga mota ta fice. Ba ya sayar da ita, ba ya cire ko madubi. Hanyar da aka saba zai bi, ya tsaya inda ake tsayawa.

Wanda duniya ta fi sani da wannan hali shi ne Darius McCollum na birnin Niyok a Amurka. A 1981, yana ɗan shekara 15, ya tuƙa jirgin ƙarƙashin ƙasa da fasinjoji a ciki. An kama shi fiye da sau 30, ya kwashe shekaru a kurkuku, kuma duk fitowa sai ya koma. Likitoci sun gano yana da wani nau'in larurar otizim, wato larurar da ake tasowa da ita tun yarinta, mai wahalar da mu'amala da mutane, mai sa mutum ya maƙale wa abu ɗaya. A 2015 ya sake ɗauke bas, a 2018 kotu ta tura shi asibitin ƙwaƙwalwa mai tsaro. Kamu talatin sun isa shaida cewa ɗauri ba ya maganin wannan abu.

Idan an kama mai irin wannan hali da mota, aikin farko na shugaban tasha ne, kuma na minti biyar ne: a raba shi da jama'a. Da an yi ihun "ɓarawo", sauran bayani sai a asibiti. A shigar da shi ofishin ƙungiyar direbobi, a rufe ƙofa, mutum ɗaya ya yi masa magana a hankali, a kira iyayensa ko yayansa. Tsawa da taron dangi na iya sa ya ruɗe ya yi ta fizge-fizge, a ɗauka faɗa yake nema.

Sai tantancewa, kuma nan ake yawan kuskure. A tambayi uwarsa yaushe abin ya fara. Idan tun yana yaro yake jera gwangwanaye yana tura su kamar motoci, ba ya son haɗa ido, ba ya jure a canza masa tsari, to akwai alamar otizim. Idan kuwa da girmansa abin ya zo kwatsam, tare da rashin barci da surutu da kashe kuɗi barkatai, wata cutar ce daban, ko kuma ƙwaya irin tiramadol. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai raba gardama, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A karɓo rahoto a rubuce, mai sa hannu da hatimi, a yi kwafi uku: na gida, na lauya, na kotu. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Ana dai ba da magani don damuwa ko tunanin da ke ta maimaita kansa idan suna tare da shi.

In magana ta kai ga 'yan sanda, a nemi lauya tun ranar farko. Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana tsaya wa marasa hali kyauta. Kada a bari ya sa hannu a takardar bayani shi kaɗai, domin irinsu kan amsa "e" ga duk abin da aka tambaye su. Lauya ya gabatar da rahoton likita da wuri, ya roƙi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma ko sa ido na jami'i. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta tanadi sashe na musamman don haka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Mai mota fa yana da haƙƙi: a biya shi mai da lodin da ya rasa, a gaban shaidu. Gidan mari kuwa a manta da shi. Abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin gidan a Daura a 2019 bai bar wa kowa uzuri ba.

Kashi mafi wuya shi ne bayan an dawo gida. Hana shi tasha gaba ɗaya ba ya aiki, zai dai koma wata inda ba a san shi ba. A ba shi aiki a cikinta wanda ba ya kai hannu ga sitiyari: rubuta sunayen fasinja, kiran lodi, wankin mota. Lokaci ya zama tsayayye, misali bakwai na safe zuwa azahar, ƙarƙashin mutum ɗaya mai haƙuri. Dokoki kada su wuce uku, a faɗe su ƙarara: "Ba ka taɓa makulli. Ba ka zama kujerar direba. Azahar ta yi, sai gida." Habaici da zaurance ba sa shigarsa.

Su ma direbobi da nasu. Makulli ba ya kwana a mota, ba a barinsa a jiki lokacin lodi ko sallah. A rataye shi a akwati mai kwaɗo a ofis. Mai lantarkin mota zai iya sa ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar batir. Kada a ba shi rigar aiki ko katin shaida, da irinsu McCollum ya riƙa shiga wuraren da ba a shiga. Kuma kada wani ya ce masa "zo ka ɗan matsar min da ita". Ma'aikatan jirgi ne suka koya wa McCollum tuƙi yana yaro, cikin wasa da tausayi.

Zai iya sake yi, musamman in an yi rasuwa, ko mai kula da shi ya yi tafiya, ko an rufe tasha. A rubuta tun yanzu wa za a kira, a liƙa lambar a bangon ofis. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Daura da Katsina, don haka wannan takarda a kai kwafinta tashar jirgi ma idan ta buɗe.